Sunan Ɗiyar Fari

Kalgo, 6 ga Yuli

Zuwa ga taubashiyata Jidda, mai ɗakin Malam Hamidu, a Ceberu ta ƙasar Gwandu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawan yashin gulbi da sanyin iskar asuba, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, har da jar akuyar nan da ta ci mini hula bara ba ta nemi gafara ba. Mu a Kalgo sai hamdala. Damina ta kankama, shinkafa ta rufe fadama, uwargidana Delu kuwa tana kukan gwiwa, amma faɗanta bai ragu ba, don haka na san da sauran ƙarfinta.

Na zaɓi alƙalami na bar waya, domin na san wayar gidanku a aljihun Malam Hamidu take kwana, kuma da ta yi ƙara sai ya saki muryarta a gindin darbejiya, majalisa duka ta taya shi ji. Maganar da ke tafe da ni ba ta majalisa ba ce. Ubaidullahi direba ya yi mini alkawarin za ta shiga hannunki.

Khairiyya nake nufi, ɗiyarki ta fari, wadda kika ɗora mini a cinya ranar da aka yaye ta, kika kau da kai kamar ba ki taɓa ganinta ba, yadda kunyar ɗan fari ta hukunta. Ni da Delu muka raine ta, muka sa ta makaranta, bara muka kai ta ɗakin Anas mai gyaran injin ban-ruwa. To, ga abin farin ciki: cikinta ya shiga wata na bakwai.

Dashen da kika ba ni ya yi inuwa,
Ya yi fure, reshe yana sunkuyawa,
Raɓa ta ɗan yi masa yawa a saiwa,
Mai lambu na roƙon a bar shi kusa da kulawa.

Ga fassarar baitin, don na san ke da waƙa gaisuwar nesa kuke yi. Malamar da ke yi mata awo a asibiti ta ce jininta ya ɗan hau, ƙafafunta kuma sun yi nauyi, saboda haka ta fi son haihuwar ta zo mata kusa da likita. Na san a cikin fari mace takan koma gaban uwarta goyon ciki, ta haihu can, ta yi wankanta na arba'in. Ban raina al'adar ba, a cikinta aka haife ni. Sai dai ina neman alfarma, da murya mai taushi irin ta wanda ya san ba shi da iko: a bar ta nan Kalgo har Allah ya sauke ta lafiya.

Naki, mai jiran amsa kamar manomin da ya hango hadari,
Malam Abdulgani

Ceberu, 15 ga Yuli

Zuwa ga bawana Abdulgani, sarkin zance na Kalgo.

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, na auna ta, yashi ne kamar yadda ka faɗa, ba a tuwo da shi. Muna lafiya. Malam yana wuni a gona, gero ya kai ƙugu. Akuya ta haifi biyu, ta kuma ce hularka ba gishiri. Ka gaishe da Delu, ka ce ta riƙa shafa man shanu da ɗumi. Ka gaishe da yara, da maƙwabcinka mai tari, da tsohon babur ɗinka in har yana numfashi.

Da kaina na karanta takardarka, ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Baitinka kuwa na bi shi na sake bi ina neman inda ciwon yake, fure da raɓa kawai na gani. Malam, wace mai ciki ce ƙafarta ba ta nauyi? Ni a nawa, takalmin Malam Hamidu na riƙa sawa, ga ni yau ina daka. In raɓa ce, rana za ta shanye ta.

Ka ji abin da na yi tun da labarin ya fara zuwa mini ta bakin mata. An yi wa ɗakin kudu sabon yaɓe. Itacen da na tara ya kai tsayin danga. Na karɓo babbar tukunyar wanka ta gidan Gwaggo, na tanadi kanwa da gero da yaji, rago yana ɗaure yana cin dusa. Duk wadda ta shigo sai ta ce, “Jidda, baƙi za ki yi?” Ni kuwa in ce, “Haka na ji ana faɗa.”

Shekara ashirin amanar nan tana hannunka, ban taɓa cewa ka kawo in gani ba. Yanzu kwana arba'in ɗin da aka ce nawa ne, su ma ka sa musu ido? Kai dai ba ka ƙoshi. A turo yarinyar Delu kafin ruwa ya yi yawa. Ubaidullahi ya san ƙofa.

Uwargijiyarka,
Jidda

Kalgo, 22 ga Yuli

Jidda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba ya kwance.

Yau babu baiti. Tun hantsi nake zaune da alƙalami, amsa-amo ya ƙi zuwa, har na gane dalili: na naɗe wuƙa cikin alharini, kika taɓa kika ji laushi. Bari in warware miki ita.

Jinin Khairiyya ba ɗan hawa ya yi ba, ya hau sosai. Fuskarta da hannuwanta sun kumbura, zobenta sai da sabulu aka cire shi. Kanta yana sara, wani lokaci takan ga walƙiya a idonta rana tsaka. Malamar awo, Sista Halima, ta zaunar da ni da Anas ta ce wannan ita ce ƙofar jijjiga, ciwon nan da ke kada mai ciki ta riƙa fizge-fizge tana taune harshe. Ta ce akwai allurar da ke tsayar da shi, amma sai in an same ta nan take, kuma mai yiwuwa sai an ciro abin da ke cikin kafin lokacinsa. Sannan ta tambaye ni, “Malam, daga Ceberu zuwa asibitin Gwandu, cikin damina, a me za a ɗauko ta?” Na ce babur. Ta dube ni kawai.

Khairiyya ta karɓi takardarki ta karanta har ƙarshe, ta juya bayan takardar ta duba. Ta tarar kin gaishe da babur ɗina, ita kuwa ko sunanta babu. Ta yi dariya, sannan ta tafi gida ta haɗa kayanta. Na bi ta na ce, “Ke, ba ki ji abin da Sista ta ce ba?” Ta ce, “Kawu, na ji. Amma Inna ba ta taɓa neman komai a wurina ba sai wannan. In ba ita ta ce in zauna ba, tafiya zan yi.” Anas kuwa suruki ne, a kan maganarki bakinsa a ɗaure yake. Kullum sai ya zo ya tsuguna a zaurena yana murza hula.

Na roƙe ta ta jira amsarki, ta yarda. Ban sani ba ko bakin matan Ceberu kike tsoro, ko asarar itacenki kike ji. Ko ma wanne ne, bai kai ranta ba. Ki rubuta mata, ita da kanta, da sunanta, ki ce ta zauna.

Abdulgani

Kalgo, 9 ga Agusta

Zuwa ga Jidda, wadda shirunta ya fi faɗanta ciwo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya gaji da leƙen hanya. Muna nan da rai. Delu ta daina faɗa, kin kuwa san wannan ba alamar alheri ba ce.

Duk ranar da motar Ubaidullahi ta tsaya sai in fita ko hula babu, shi kuwa ya buɗe mini tafin hannu wayam. Ya ce ruwa ya cinye kwalbatin hanyarku, takardata ya bar ta wurin mai shayi a tashar Gwandu ko za a sami mai shiga. Ban sani ba ko ta iso ki kin yi fushi, ko tana can ƙarƙashin gwangwanin madara tana shan tururi.

Gulbi ya yi ambaliya a nan ma. Mutanen ƙauyukan fadama sun cika makarantarmu, ajin da nake koyar da Hausa yanzu tabarmi ne da tukwane. Sista Halima da abokan aikinta sukan zo su rataye zane a ƙofar ofishin hedimasta, su yi wa masu ciki awo, su raba maganin ƙarin jini da gidan sauro. Shekaranjiya wata ta haihu a gindin allo, lafiya lau, ɗa namiji mai murya kamar ladan. Na tsaya daga nesa ina hamdala, zuciyata kuwa tana Ceberu, inda babu mai rataye zanen.

Da haƙuri ya ƙare na kira wayar Malam Hamidu, da ƙyar ta shiga. Na yi sallama, sai na ji majalisa ta amsa gaba ɗaya. Aka tambaye ni ruwa, aka tambaye ni taki. Na ce, “Malam, saƙo ya iso kuwa?” Ya ce, “Mu dai muna jiran baƙi, ɗaki har ya bushe.” Yaya zan yi in ambaci cikin ɗiyarsa ta fari a kunnen dattawan gari? Na ce a gaida gida, na kashe.

Jakar Khairiyya tana bakin ƙofa. Tana shan maganinta, ba ta fashin awo, amma ta ce da an gyara hanya za ta shiga mota, domin a wurinta shirunki umarni ne. Ni da nake roƙon ruwa ya janye saboda bayin Allah da ke kwana a ajina, yanzu in na ɗaga hannu sai in rasa abin da zan roƙa.

In maganata ta baya ta yi zafi, taubashi ne ya faɗa, ki rama. Amma ki rama a rubuce.

Naki,
Abdulgani

Ceberu, 13 ga Agusta

Abdulgani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya kewaye mu amma bai shigo gida ba. Takardunka biyu jiya suka iso tare, Hafsat mai nono ce ta ratso ruwa da su a cikin ƙwarya. Ita za ta fitar da wannan, don haka yau ba zan tsaya gaishe da babur ba.

Jijjiga. Me ya hana ka faɗi kalmar nan tun farko? Na san ta. Na gan ta a jikin Jummai, wadda dangarmu ɗaya. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, da abin ya ƙi aka ɗora ta a amalanke. Ni na riƙe kanta. Ba mu kai titi ba. Da wannan ka rubuto mini maimakon raɓa, da ko ƙirare ban ƙara tarawa ba.

Amma kai ma ka karanta ni a karkace. Ka ce bakin mata nake tsoro, ko asarar itace. Malam, duk baitocinka ba su gaya maka wannan ba? Tun ranar da na ɗora ta a cinyarka hannuna bai sake taɓa ta ba. In kun zo da salla, in miƙa wa kowa tuwo, ita in tura ƙanwarta ta kai mata. Ranar aurenta ina bayan ɗaki ina wanke tukwanen da an riga an wanke. Ba a hana ni sonta ba, nunawa aka hana ni. Kwana arba'in ɗin nan kaɗai al'ada ta yarda in riƙe ta a gaban kowa, in yi mata wanka, in ba ta abinci a baki, babu mai cewa Jidda ba ta da kunya. Su nake jira tun tana rarrafe. Ma'anar itacen ke nan.

Na kai wa Malam maganar bayan ya ci tuwo. Ban kira suna ba, shi ma bai kira ba. Sai ya ce, “Ai gidan Abdulgani gidanku ne, uwarsa da ubanki ciki ɗaya suka fito. In an je can, gida aka je.” Ya ƙara da cewa in tafi da ragon. Don haka ka kwashe littattafanka daga ɗakin gabas. Da hanya ta buɗe ina tafe da tukunyata.

Yanzu ka miƙa mata takardar, ka fita waje.

Khairiyya. Ni ce Innarki. Ki kwance jakar nan. Ki zauna inda Sista take. Abin da ta ce ki sha, ki sha. In ta ce a kwantar da ke, ki kwanta. In likita ya ce aiki za a yi, ki yarda. Ba ki saɓa mini ba, ni na ce. Ba sai kin zo ba, ni zan zo. Khairiyya, ga shi na rubuta sau biyu, don ki tabbata ba kuskuren hannu ba ne.

Jidda

Kalgo, 2 ga Satumba

Zuwa ga Jidda, taubashiyata, wadda daga yau sai an ce kaka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu! Gaisuwa mai yawan taurarin kaka, mai zaƙin rake na fadama. Albishirinki! Goron kuwa fari nake so, kada ki kawo mini ja. Khairiyya ta sauka ranar Alhamis, an sami ɗiya mace, uwa da ɗiya duka suna numfashi a gabana.

Bari in bi miki shi daki-daki. Da takardarki ta zo na fita waje kamar yadda aka umarce ni, na tsaya a gindin mangwaro kamar almajirin da aka kora daga aji. Delu ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗaki. Ta ce Khairiyya ta karanta, ta rufe fuskarta da takardar ta daɗe, sannan ta ce, “Gwaggo Delu, ashe haka take rubuta shi.” Kafin la'asar jaka ta koma ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis ɗin ta je awo da ƙafarta. Sista Halima ta auna jininta, ta sake aunawa, ta ce yau ba komawa gida. Aka yi mata allurar nan, likita ya duba ya ce jira ya ƙare, aiki za a yi. Anas ya yarda tun likita bai rufe baki ba. Ita kuwa ta ce, “Inna ta riga ta ce in yarda.”

Aka ce a tanadi jini. Na miƙe gaban kowa na naɗe hannun riga, na fara jawabi a kan falalar ceton rai. Daga nan aka fito da allurar. Abin da na sani bayan wannan shi ne ina kwance a benci, Delu tana yi mini fifita da hulata tana cewa, “Tashi, sarkin yaƙi, an gama.” Anas ne ya bayar, tare da magidanta biyu daga cikin masu kwana a ajina, waɗanda suka biyo mu ba wanda ya kira su. Likita ya ce da a ƙauye abin ya same ta, da labarin ya sha bamban. Ban bar shi ya ƙarasa ba.

Hadari ya taso, ya wuce bai faɗa mana ba,
Reshe ya sauke nauyinsa, bai karye ba,
Uwa ta kira suna, sama ba ta tsage ba,
Ni ko na suma, amma dai ban mutu ba.

Jaririyar ƙarama ce kamar tantabara, amma ta gaji bakinki, duk ɗakin ya shaida.

Yanzu ga saƙon Sista, ba raɓa ba fure, na yi rantsuwa zan faɗa yadda ta faɗa. Kunun kanwa babu, saboda jinin bai gama sauka ba. Kwanciya a gadon wuta babu. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kuma kada ganye ya kusanci ɗinkin. Abinci kuwa ta ce ki ɗura mata iyakar iyawarki.

Ubaidullahi ya ce an cike kwalbatin, mota tana wucewa. Suna Alhamis mai zuwa. Littattafaina suna zaure cikin buhu suna kukan maraici. Ki zo.

Bawanki, yau da yardarsa,
Abdulgani

Ceberu, 20 ga Oktoba

Zuwa ga sarkin yaƙin Kalgo, mai suma a benci.

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Na tarar an girbe gero, Malam ya rame don tuwon yara, akuya ta ci igiyar shanya. Gajiyar hanya ta bi jiki, amma irin wadda mutum ba ya son ta sake shi da wuri.

Na ji kana gaya wa Delu wai na zarce arba'in. Gaskiya ne. Ni daga ranar da na iso na fara ƙirga nawa, ba daga ranar haihuwa ba. Wanda ya ga an cuce shi ya kai ƙara. Ka mayar da littattafanka, amma tukunyar ta zauna nan, ban gama da ita ba.

Ka gaya wa Sista Halima na cika alkawari har ranar ƙarshe: da gwiwar hannuna nake gwada ruwan kafin ya taɓa jikin mai jego. Kanwar kuwa shanun Malam sun gode. Itacen da na tara na ba Abu matar ƙanensa, cikinta wata biyar. Ranar kasuwa ni na sa ta gaba har asibitin Gwandu aka yi mata awo, na kuma ce a gwada jinin a gabana. Malamar ta tambaye ni ko ni ungozoma ce. Na ce a'a, kaka ce.

Takwarata Hauwa'u tana raina. Da Anas ya raɗa sunan ban ce komai ba, don surukuta, amma ka gaya masa na ji. Wani abu kuma da ba ka gani ba, kana zaure kana neman amsa-amo: ran nan na tarar da uwarta ta kau da kai daga gare ta don baƙi sun shigo. Na ɗauki jaririyar na mayar mata a cinya, na ce, “Riƙe abinki, su kalla.”

Jiya mata suka cika gida yi mini barka da dawowa. Gwaggo tana tsakiya, ta ce, “To Jidda, yaya kika baro yarinyar Delu?” Na ce, “Khairiyya tana lafiya, ta yi ƙiba.” Goro ya faɗi daga hannun Gwaggo. Sai ta sunkuya ta ɗauki goronta, ta hure ƙasar, ta ce, “To, madalla.”

Ka gaishe mini da Khairiyya. Abin da ya rage na gaisuwar, kai da babur ku raba.

Uwargijiyarka,
Jidda